Kujerar Sallar Batul

Ku 'yan matan nan da kuke zuwa ku cika mini angareb, gadon nan nawa na igiya, da wayoyi a hannu, kuna cewa, "Habboba kakarmu, rijim, rage ƙibar nan, ai ba sana'a ba ce, hana mutum abinci ne kawai da sa shi tsalle," ku gyara zama. Ni ce Hawwa 'yar unguwar Mayo, tsallaken kogi daga Omdurman. Kakannina daga ƙasar Hausa suka taso da ƙafa za su hajji, suka yada zango a nan, zangon bai ƙare ba har yau. A cikin aikin jikin mata na tsufa, kuma in gaya muku gaskiya, har yanzu ban gama gane inda aikin ya dosa ba. Ku da kuka gane shi daga bidiyo, to, Allah ya ƙara basira.

Abin da ba ku sani ba, ni ba da rage ƙiba na fara ba, da ƙara ta na fara. Gwaggo Kaltum, ƙanwar babana, ita ce mai kiwon amare a unguwarmu, a wurinta na koyi aiki. A wancan zamanin, da an sa ranar biki sai a kawo mata amarya a tsare a ɗaki. Aikina na farko shi ne tuƙa madida, kunun hulba mai kauri da madara da gari, a kwarara masa man shanu har ya riƙa ƙyalli. Da safe madida, da hantsi dabino da madara, da rana tuwon asida da miya mai maiƙo, da yamma a sake madida. Gwaggo tana tsaye a kan yarinya da wani ƙaton ludayi na duma, tana cikawa tana cewa, "Shanye, ya bitti, 'yata, ƙashi ba ya kyau a cikin tob, lulluɓin nan namu." Dokarta guda ce, amarya ba ta tashi. Ko buta ni nake miƙa mata. In Gwaggo ta ga amarya ta taka zuwa bakin ƙofa, ni take rufewa da faɗa, wai na zubar mata da madidar ranar.

Batul ce amaryar farko da Gwaggo ta sakar mini ni kaɗai. 'Yar maƙwabtanmu ce, siririya kamar sillen kara, mai yawan dariya. Wani saurayi za ta aura, Abbakar, mai gasa agashe a Omdurman, irin tsiren nan namu da duk garin ya koya daga hannun Hausawa. Ba ta son warin hulba, sai ta toshe hanci sannan ta haɗiye, idanunta suna kawo ruwa, ni kuwa ina cika ludayi. Ranar da aka fito da ita ta cika tob ɗinta dam. Uwar ango ta kama damtsenta ta matsa, ta juyo ta ce, "Hannun wa ne wannan?" Aka nuna ni, aka rangaɗa guɗa. Na ji daɗi ƙwarai, ban ɓoye ba. Daga ranar sunana ya haye gada ya shiga Omdurman.

Na daɗe ina wannan aiki, har Gwaggo ta rasu ta bar mini ludayin. Sai wata rana wata mata ta shigo da 'yarta mai karatu a jami'a, ta ce, "Ya Hajja, biki ya matso, a rage mana ita." Na dubi uwar, na dubi 'yar. Yarinyar nan, da Gwaggo ce ta fitar da ita haka, da kyautar tob za a yi mata. Na ce, "A rage me?" Yarinyar ta ce farar rigar biki ce ba ta shigar ta, kuma tana haki in ta hau bene. Na sallame su da haƙuri, don ban san ta inda ake farawa ba. Bayan su wasu suka zo, masu neman madida kuwa suka yi ta ja baya. Da na ga tukunyata za ta yi sanyi, sai na fara zuwa ƙaramin asibitin unguwa, inda wata sista take tara masu ciwon sukari tana yi musu bayani. Na riƙa zama a cikinsu kamar mara lafiya ina kasa kunne. A nan na ji cewa rabin abin da za ka ci ya zama ganye da kayan lambu, kisra, wainar dawar nan, da burodi su zama kaɗan, mai a auna shi da cokali, sukari a janye shi sannu a hankali, sannan a yi tafiya kullum har jiki ya yi ɗumi. Na tare ta na ce, "Sista, wa ya canza dokar? Mu dai a cika aka ce mana." Ta yi dariya ta ce ba wanda ya canza komai, ciwon yana nan tun da, suna ne ba mu ba shi ba. Na koma gida da wannan magana, na juya ta na juya ta, ba ta zauna mini ba.

Kayan aikina ba su da yawa, ga su nan a jaka. Ƙaramin faranti, don mu mutanen siniya ne, kowa yana kai hannu a tire ɗaya, kuma wadda take ci a cikin taro ba ta taɓa sanin abin da ta ci. Ƙaramin kofin shayi da ƙaramin cokali. Takalmin kambas, don ba a tafiyar kirki da silifa. Sai igiya. Ba na amfani da ma'auni, don macen da ta hau ma'auni a gaban maƙwabta ba ta sake kiranki. Igiya nake zagayawa a ƙugu in ƙulla, in an kwana biyu in sake zagayawa, ƙullin ne yake magana. Ludayin Gwaggo kuwa yana can ƙasan jaka. Ban san dalilin da ya sa na ci gaba da yawo da shi ba.

Aikin da nake so ku ji shi ne ranar da aka aiko mini daga unguwar Alsawra ta Omdurman cewa matar Hajj Abbakar mai agashe tana nemana. Na shiga gidan da azahar, na tarar da wata babbar mace a kan farar kujerar roba, ta fuskanci alƙibla, tana sallah a zaune. In za ta yi ruku'u sai ta ɗan sunkuyar da kai, in za ta yi sujuda ta ƙara sunkuyawa kaɗan, shi ke nan. Sai da ta sallame ta yi dariya sannan na gane Batul ce.

Ta ce, "Hajja Hawwa, kin ga aikinki?"

Na ce, "Nawa na wata biyu ne, Batul. Sauran na wa ne?"

"Haihuwa da shayi da naman Abbakar," in ji ta. "Amma ke kika aza harsashin. Daktor ya ce gwiwoyin nan ba za su lanƙwasu ba sai nauyi ya sauka, kuma sukari yana bakin ƙofa. Ni ba kyau nake nema ba, kyau ya wuce. Shekara da shekaru ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba. Ina ganin jikokina suna sujuda, ni ina zaune kamar baƙuwa. Ina so in sa goshina a ƙasa kafin a sa ni a cikinta. Ke kika ɗora, ke za ki sauke."

Ni dai ban ga laifina ba, abin da aka nema na kawo. Amma maganar goshin ta kama ni, na aje jakata.

Da abinci muka fara. Na cire ta daga siniya na ba ta farantinta, tana zaune a gefe tana kallon 'yan gida kamar wadda aka yi wa horo. Ful, dafaffen waken karin kumallo, na bar mata shi, amma na hana a malala masa man riɗi, na ƙara tumatir da albasa da ganyen jirjir, burodi rabi. Kisra na rage, miyar kuɓewa da ta lalo na ce ta ci ta ƙoshi, muddin ba a soya ta a tafkin mai ba. Sukari ban datse shi rana ɗaya ba, don wadda kika datse wa sukari rana ɗaya za ta sha shi a ɓoye. Cokali na riƙa ƙanƙantawa. Lugaimat ɗin shayin safe, ƙosan fulawar nan mai zaƙi, shi kam na kore shi daga gidan. Na ce kafin kowane abinci ta sha ruwa, kuma ta tauna a hankali, ba mai ƙwace mata.

Tafiya ce ta fara rikita ni. Na ɗaura mata kambas bayan sallar asuba, muka fito za mu zaga hara, wato unguwa. Ba mu kai kwanar farko ba mai raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ya tsaya, ya ce shi ba zai ga iyayensa mata suna tafiya a ƙasa ba, mu shiga ko ba ko sisi. Muka sallame shi. Sai ga maƙwabci da mota ya ci birki, "Itfaddalu, ku shigo, ya Hajjat, ina zuwa? Wa ya rasu?" Kun san halin garin nan, mai gurbi a mota ba ya wuce mai tafiya. Na ce masa ba inda za mu, tafiya kawai muke yi. Ya dube mu kamar masu taɓin hankali. Kafin rana ta ɗaga, labari ya zaga cewa Batul ta yi yaji da sassafe, wata tsohuwa tana bin ta tana ba ta baki.

Sai na yi dabara, ko kuwa na zaci dabara ce. Na ce tunda mace ba ta tafiya sai da dalili, bari mu sama mata dalili. Kullum za ta je gaisuwa wani gida mai ɗan nisa, yau barka, gobe duba mara lafiya, jibi jaje. Mutane suka daina tambaya, tafiya ta kankama. Abin da na manta shi ne abin da yake jiran ta a ƙarshen tafiyar. Duk gidan da ta shiga sai an kawo ruwan lemo mai sukari, a biyo da shayi da madara, a biyo da alewa. In ta ce a'a, matar gida ta dafa ƙirji ta ce, "Wallahi ba za ki fita ba ki sha ba." Batul ta dube ni ta ce, "To Hajja, ta rantse. In ƙi sha in ja mata kaffara?" Sista ba ta koya mana abin da ake yi da rantsuwa ba. Abin da muka zubar a hanya, a zaune muke kwashe shi, har da ƙari.

Ku da kuke cewa aikin nan da sauƙi, wa a cikinku ta taɓa bin gidajen hara ɗaya bayan ɗaya tana roƙon mata kada su yi rantsuwa? Ni na yi. Wata ta ce mini, "Baƙuwa ta shigo gidana in ba ta ruwa zalla? Mu ba matsiyata ba ne." Wata ta daina amsa mini sallama. Da ƙyar muka daidaita a kan jabana, gahawar nan tamu mai citta, ba sukari, da ƙwayar dabino guda. Na ce duk mai son rantsuwa ta rantse a kan wannan, Batul za ta sha, kowa ya fita kunya.

Duk da haka igiya ta ƙi motsi. Wata ya wuce, wani ya bi, ƙulli yana nan inda na bar shi. Na bincika tukunya, na bincika gwangwanin sukari, na zargi surukarta, na zargi igiyar kanta ko ta ja ruwa ta takure. Har na fara tunanin ko madidar Gwaggo tana da wani abu ne da ba ya fita. Sai wata safiya na sunkuya zan ɗauko mata kambas a ƙarƙashin angareb, hancina ya ɗauki ƙamshin yaji da ƙuli. Na jawo takarda ta jiƙe sharkaf da mai. Batul ta kau da kai ta ce in tambayi mai gidan.

Na same shi a tsakar gida yana soke nama a tsinke. Dattijo ne mai kunya, bai ɗago ba.

Na ce, "Hajj Abbakar, ni ina ɗinki kana warwarewa?"

Ya ce, "Malesh, yi haƙuri, ya Hajja. Ke ba ki san abin da nake ji ba. Farkon zuwanki fuskarta ta ɗan faɗa, aka tare ni a ƙofar masallaci ana tambaya ko kasuwa ce ta karye. Yayata ta zo har nan ta ce na fara yi wa 'yar mutane rowa a tsufa. Matar mai nama ta rame? Wa zai sayi namana? Shi ya sa nake kawo mata agashe da burodi da ɗan lemon kwalba in na tashi aiki. Ba ta nema, ni nake rantsuwa."

Na zauna a kan turmi. Na bi hara gida gida ina kashe rantsuwa, ashe babbar tana kwana a cikin gidan. Na tambaye shi ko ya san abin da matarsa take so. Ya ce ya sani, shi yake ɗauko mata kujerar sau biyar a rana. Muka yi sulhu. Naman ba laifinsa ba ne, na ce ya zaɓo marar kitse, ya gasa ba tare da ya yi masa wanka da mai ba, tsinke kaɗan, ba burodi ba kwalba. Sannan shi ma ya sayi kambas. Ya shaida wa mutanen masallaci cewa shi daktor ya sa tafiya, matarsa rakiya take yi masa. Da namiji a gaba ba mai raksha da ya sake tsayawa.

Daga nan ƙulli ya fara matsawa. Batul ta daina haki, ta riƙa tashi daga angareb ba tare da an ja ta ba. Na sa ta tana zama tana tashi a bakin gado tana dafe da bango, safe da yamma. Ta kai tana tsayuwa a sallah, tana ruku'u sosai, sai in an zo sujuda ta koma kujera. Saura ƙiris.

Sai shekarar yaƙi ta zo. Ta same ni a Omdurman, a gidan 'yata, hanyar Mayo ta rufe. Ba zan ba ku labarinta ba, kun gani da idonku. Abin da ya shafi sana'ata kawai zan faɗa. Sukari ya ɓace, mai ya ɓace, murhun Abbakar ya mutu. Matan da suka yi fushi da ni a kan shayi, tare muke layi da kwanuka a takiyya, inda ake dafa wa unguwa adas, ƙananan waken nan, a babbar tukunya. Duk wadda na taɓa wahala a kanta ta zube ba tare da ta biya kowa ba. Wata ma ta hango ni a layi ta ce, "Hajja, ga rijim ya zo har gida," muka yi dariyar da ba ta da daɗi.

Na daɗe ban leƙa Batul ba saboda fita ta yi wuya. Ranar da na samu na je, na tarar da ita a kan kujerar nan dai, tob ya yi mata yawa, fatar damtsen da aka taɓa matsawa ana guɗa tana reto. Na zaga igiya, ta wuce ƙullin da nake buri, har da saura mai yawa. Wallahi sai da na ji wani ɗan farin ciki ya taso mini, sannan kunya ta rufe ni. Na ce, "To gwada mana." Ta dafa kujera za ta tashi, ƙafafun suka ɗauki rawa, ta koma ta zauna. Har tsayuwar da ta samu ta tafi.

Ta ce, "Hajja, kin ce nauyi ne. Ga shi ya tafi. To me ya hana?"

Ban taɓa rikicewa irin ta ranar ba. Abin da na yi ta fama a cire da dabara, yunwa ta cire shi a banza, kuma bai amfana komai ba, don ta haɗa da ƙarfin ta tafi da shi. Ni ramewa na zaci nake sayarwa. Na zazzage jakata ina neman abin da ban sani ba, sai ludayin Gwaggo ya faɗo.

Abbakar ya samo ɗan gero, wata maƙwabciya ta ba da hulbar da ta rage mata a kwalba, wata mai akuya ta riƙa aiko da ɗan nono. Na tuƙa madida, ba man shanu, ba kauri irin na da, na tsaya a kan matar da na ɗora wa, na sauke wa, ina cewa, "Shanye, ya bitti." Ta toshe hanci kamar ranar farko. Amma wannan karon na karya dokar Gwaggo, ban bar ta ta kwanta ba. Ta sha ta tashi, ta zauna ta tashi, ta ɗauki ƙaramar jarka daga bakin ƙofa zuwa randa. Rabon adas ɗin Abbakar rabi a farantinta yake ƙarewa, wannan rantsuwar kam ban hana ba.

Wata la'asar ina gyara wuta, Abbakar ya ɗauko mata kujera kamar kullum, ta ce ya aje ta a gefe. Ta shimfiɗa ɗan guntun tabarma a tsakar gida ta tayar da sallah. Ta yi ruku'u, ta ɗago. Sai na ga ta dafa cinyoyinta tana sauka a hankali, gwiwa ɗaya ta taɓa, ɗayar ta bi, na ji ƙarar su daga inda nake. Tabarmar ta yi mata gajarta, goshinta ya sauka a kan ƙasa tsura.

Ta ƙi ɗagowa. Muka tsaya ni da Abbakar muna kallon bayanta yana rawa. Ya raɗa mini, "Hajja, addu'a take yi ko ta kasa tashi?" Na ce ban sani ba. In mun ɗaga ta, mun katse mata abin da ta yi shekaru tana jira. In mun bar ta, wataƙila numfashinta ne yake ƙarewa a gabanmu. Ya miƙa hannu ya janye, ya sake miƙawa. Ni kuwa, mai sana'a, ina tsaye kamar gunki. Can sai muka ji "Allahu akbar" da wata siririyar murya, ta ɗago da kanta ta zauna.

Da ta sallame, ƙasa ta manne mata a goshi, hawaye ya yi hanya a kumatunta. Abbakar ya kawo gefen rawaninsa zai share mata, ta riƙe hannunsa ta ce ya bar mata kayanta. Sannan ta juyo wurina tana dariyar nan tata ta amarci.

Ta ce, "To Hajja Hawwa, yanzu fa? In ci ko kada in ci?"

Na duba hannuwana. Ludayin Gwaggo yana dama, ƙaramin faranti yana hagu, ban ma san lokacin da na ɗauko su ba. Har yau da nake muku maganar nan ban ba ta amsa ba, kullum in na je sai in dubi ƙafafunta tukuna sannan in san wanda zan fito da shi daga jaka. Kujerar tana nan a bakin randa, a kanta suke aje buta.